Bindigar da harsashinta garin zinari ne

Ƙanena na Gusau, ka tambaya yadda ake harba ƙwayar gado (abin da ke ɗauke da halin da ake gada daga iyaye) cikin okid, wani tsiro mai furen ado, da dalilin da ba a tsaya ga barbara tsakanin furanni ba.

Garin zinari ake samu, wanda ya fi garin lalle laushi nesa ba kusa ba, a shafa masa ƙwayar gadon da ake so. Sai a sa shi a wata bindiga ta musamman, iskar hiliyam ta fesa shi da ƙarfi kan 'yan ƙullutun tsiron da aka raina cikin kwalba. Ni da na saba ganin zinari a kwanon masu wanke ƙasa a Anka, har yau abin na burge ni. An zaɓe shi ne don ba ya tsatsa.

Kaɗan ne daga cikin ƙullutun ke karɓar ƙwayar gadon. Shi ya sa ake haɗawa da ƙwayar gadon jure wani magani, sannan a zuba maganin: waɗanda suka karɓa su ci gaba da kore shar, sauran su yi baƙi su mutu.

John Sanford da abokansa suka ƙera bindigar ta farko a Jami'ar Cornell ta Amurka, suka bayyana ta a 1987. Barbara kuwa, okid kan kwashe shekaru kafin ya yi fure, kuma ba ta iya kawo halin da babu shi a dangin.