Ƙullutu a tsakiyar wuya: eko ko sakiya?

Tambaya: Likita, maigidana shekararsa 34. Wata huɗu ke nan ƙullutu kamar ƙwan zabo ya fito masa saman zakaran wuya, ba ciwo. An rubuta mana eko, wato irin hoton da ake yi wa mai juna biyu, amma yayyensa sun ce ruwa ne kawai, a kira wanzami ya yi sakiya. Hankalina ya tashi. Daga wata 'yar'uwa a Garwa.

Amsa: Malama, ki sa ya haɗiyi yawu, sannan ya zaro harshe. In ƙullutun ya yi sama, galibi jakar ruwa ce da aka haife shi da ita, a kan hanyar da tayirod, wato halittar da ke gaban wuya mai samar da sinadaran daidaita aikin jiki, ta bi ta sauko daga gindin harshe tun yana cikin mahaifa. Takan yi shekaru shiru.

Eko ne farko. Zai nuna ruwa ne zalla ko akwai tsoka a ciki, da yadda jakar ta jingina da ƙashin hayoyid, ɗan ƙashin da ke saman zakaran wuya. Ki tabbata mai hoton ya rubuta cewa tayirod tana mazauninta, don wani lokaci ƙullutun shi ne kaɗai tayirod ɗin mutum. In an ga tsoka ko ƙwayoyi masu tauri, sai sikana, wato hoton CT, da allurar ruwan hoto, bayan gwajin ƙoda, da ɗibar samfur da siririyar allura ana kallo a eko. Da a gefen wuya ne, mai shi kuma ya haura 40, sai an fara tabbatar da cewa ba ciwon daji ba ne, ba kuma kaluluwar tarin fuka ba.

Yanzu maganar sakiya. Wallahi wannan "ruwa ne kawai" ta ishe mu! Ruwan ba daga sama ya faɗo ba, bangon jakar ne ke yin sa. A huda yau, ta sake cika, wani lokaci ma da mugunya. Sai ƙofa ta buɗe tana yoyo tana ɓata wuyan riga. Tabon ya manne nama da nama, hoton ya rikice, mai eko ya kasa bambance jaka da ƙurji. Mai kemis da ke zuƙewa da sirinji a bayan kanti ma duk kanwar ja ce. Kuma manyan jijiyoyin jini na nan kusa, wanzami ba ya ganinsu.

Maganinta tiyatar Sistrunk ce: a cire jakar, da hanyarta, da tsakiyar ƙashin hayoyid. In aka bar ƙashin, takan dawo. Ku tafi da hoton eko wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro.