Amsa: Suna taya atamfa su wuce

Malam, ka ce ka buɗe shagon atamfa a Agege, mata suna tambayar kuɗi su yi gaba. Na sha wannan lokacin da nake tsaron shago a kasuwar Balogun da ke Legas.

Matsalata ita ce saurin faɗin farashi. In mace ta zo saye, fara tambayarta: na sawa ne ko na biki? Mai neman anko ba ta ciniki irin na mai turmi ɗaya. Warware turmin, miƙa mata ta taɓa. In ta taya da arha, kada ka ɗaure fuska, ce "albarka" da murmushi, ka jawo wani mai sauƙin kuɗi.

Ka koyi gaisuwar Yarbanci, ko "e kaaro" (ina kwana) ce kawai, iyayen nan suna jin daɗinta. Karɓi lambarta, sabon kaya na sauka ka tura hoto ta WhatsApp.