Tambaya da Amsa: Yaya ake sanin abin da ke binne a ƙasan teku?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifina mai haƙar rijiya ne, kullum yakan ce ba a sanin cikin ƙasa sai an shiga: jar ƙasa, marmara, yumɓu, kana yashin da ke ɗauke da ruwa. To su masu neman mai a tsakiyar teku, ta yaya suke gane abin da ke ƙasa tun ba su haƙa ba? Daga wani mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Da sauti suke aiki, ɗan'uwa, domin haske ba ya nisa a cikin ruwa, sauti kuwa yana cin kusan mita 1,500 a sakan guda. Jirgin bincike yakan ja wasu tukwanen ƙarfe cike da matsattsiyar iska, ya riƙa sakinta bayan 'yan sakanni da ƙara mai ƙarfi. Ƙarar ta ratsa ruwa ta daki ƙasa, wani kaso ya dawo, saura ya nutse cikin laka. Duk inda yashi ya ƙare yumɓu ya fara, ko yumɓu ya haɗu da dutse, sai wata amsa-kuwwar ta sake tasowa. A bayan jirgin akwai igiyoyi masu tsawon kilomitoci, an jera musu dubban makirufo, su ke kama waɗannan amsoshi. Idan ta farko ta dawo bayan sakan 2, zurfin ruwan ya kai mita 1,500 ke nan, tun da sautin zuwa da dawowa ya yi. Kwamfuta ce ke harhaɗa sauran, ta fito da hoton shimfiɗun ƙasa hawa-hawa, har da inda suka lanƙwashe ko suka tsage. Ƙarar nan fa tana damun kifaye da sauran halittun da ke rayuwa da ji, kuma ina cikin masu ganin ya kamata a tsaurara sa ido a kan lokaci da wurin da ake sakinta.

A gaɓar Neja Delta, ƙasar da kogin Kwara da Binuwai suka kwaso cikin miliyoyin shekaru, har da ta gulbin Rima da na Kaduna, ta taru ta kai kaurin kilomita 10 ko fiye. Can ƙasa akwai yumɓun da masana ke kira Akata, a kansa Agbada mai yashi da yumɓu bi da bi, inda mafi yawan man yankin yake kwance, sai yashin Benin a sama. Irin wannan hoto ne ya nuna inda za a haƙa a filin mai na Bonga, kilomita 120 daga gaɓa, cikin ruwan da zurfinsa ya haura mita 1,000. A 2005 aka fara fitar da mai a can.

Sai dai maganar Baba tana nan daram. Sauti siffa yake nunawa, ba ya rantse maka cewa ga mai ko ga ruwan gishiri. Dole a zura bututu a zaro ƙasar a duba da ido, kuma kamfanoni da dama sun kashe maƙudan kuɗi sun tashi da rijiyar da babu komai.

Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina ma ba man ba ne. An daɗe, musamman tun daga 1968, lokacin da jirgin bincike mai suna Glomar Challenger ya fara aiki, ana zaro dogayen sandunan laka daga ƙasan teku don karanta tarihin duniya. Ƙurar Sahara, irin wadda hunturu ke kwasowa daga kwarin Bodele a Chadi ta rufe mana sama, takan tsallaka ta sauka a Tekun Atilantika shekara bayan shekara. Da aka auna lakar da aka zaro a gaɓar Muritaniya, sai aka ga ƙurar ta ragu sosai na dubban shekaru, sannan ta ƙaru kimanin shekaru 5,500 da suka wuce. A wancan zamani na ƙarancin ƙura Sahara tana da ciyawa da tafkuna, Tafkin Chadi kuma ya yi faɗin da Bodele ɗin kansa yana ƙarƙashin ruwansa.