Amsa ga mai tambaya kan kartar maƙogwaro a sigarin lantarki

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da dare. Ƙanena, na saurari muryar da ka turo a guruf tun da la'asar, kasuwa ce ta riƙe ni. Ka ce yau sati uku ke nan rabonka da karan taba, ka koma sigarin lantarki, amma duk zuƙar da ka yi sai ka ji kamar an watsa maka barkono a maƙogwaro, ga tari, har wani ya ce ka sayi irin na yarwa ɗin nan mai nikotin kashi 5 saboda shi ba ya karta. To da farko Allah Ya ƙara maka ƙarfin gwiwa, sati uku ba wasa ba ne. Amma don Allah dakata da sayen wancan, ka ji ni tukuna.

Ni shekara 19 na yi ina shan taba, don haka na san abin da maƙogwaronka ke nema. Akwai wani ɗan duka da hayaƙi ke yi a can ƙasan wuya, shi ne ke sa mutum ya ji cewa e, ya sha wani abu. Wannan daban. Akwai kuma zafi mai ƙuna, mai ɗaci, wanda ke sa hawaye. Shi wannan na biyun ba abin da za ka daure wa ba ne, na'urar ce ke gaya maka wani abu ya lalace. Sai ka fara rarrabe wanne ne naka.

Idan ka ji ƙauri kamar tsumma ya faɗa murhu, audugar ciki ce ke ƙonewa. Ka san a cikin abin akwai 'yar waya naɗaɗɗiya, koyil, da auduga a jikinta. Audugar ke tsotso ruwan, wayar ta dafa shi ya zama tururi. In ruwan ya yi ƙasa, ko kana zuƙa a jere ba ka bari ta sake jiƙa ba, sai wayar ta gasa auduga busasshiya. Ya taɓa faruwa da ni ina zaune a shago da sanyin safiya, zuƙa ɗaya na yi sai da na dafa kanta, ido ya yi ja. Da na kwance na duba, audugar da na sa fara tas ta koma baƙa ƙirin, wayar ta yi ɓawo kamar ƙanzon gindin tukunya. Kuma ba ɗacin kaɗai ba ne matsalar: idan ruwan ya yi zafi fiye da kima yana fitar da sinadarai masu cutarwa, ciki har da fomaldehayid, wanda ake haɗa ruwan adana gawa da shi. To in ka ji ƙaurin nan, ajiye. Canja koyil, ɗiga ruwa a kan sabuwar audugar, cika tankin, ka ba shi minti 5 zuwa 10 kafin ka taɓa. Kuma a jikin kowane koyil an rubuta adadin wat, wato ƙarfin wutar da yake ɗauka, da ƙananan lambobi. Fara daga na ƙasa, kada ka wuce na sama.

In ba ƙauri ba ne, ɗauko kwalbar ruwan ka juya bayanta. Za ka ga PG da VG da lambobi, kamar 50/50 ko 70/30. PG ɗin nan ruwa ne tsararo, shi ke ɗauke da ɗanɗano, shi ne kuma mai kaifi a wuya. VG gilisarin ne, mai kauri kamar zuma, shi ke ba da tururi mai yawa da laushi. Mai son ya rage karta sai ya nemi wanda VG ya fi yawa. Sai dai fa ƙananan na'urorin aljihun nan ramukansu ƙanana ne, ruwa mai kauri ba ya shiga auduga da wuri, sai ka koma gidan jiya, wato ƙonewa. Ga irinsu 50/50 ya fi zama lafiya.

Sannan yadda kake zuƙa. Mu da muka saba da kara, ja muke yi da ƙarfi, gajere, fit. Wannan ba haka yake so ba. A hankali, ka tara a baki kamar daƙiƙa 3, sannan ka shigar. Kuma duba ƙasan tankin ko gefen na'urar, sau da yawa akwai ɗan zobe ko maɓallin iska. Ka matse shi, tururin ya fito da ɗumi da ƙarfi. Ka buɗe shi kaɗan, ya yi sanyi ya yi laushi. Alhajin da ya yi magana jiya a guruf ɗin nan cewa shi nasa matsalar akasin taka ce, ba ya jin komai kamar iska yake sha, ranka ya daɗe wannan zoben za ka fara matsewa, ka kuma nemi ruwan da PG ɗinsa ya kai rabi, kafin ka yi tunanin ƙara nikotin.

Kada mu manta da hunturu. PG da VG duka suna janye danshi, shi ya sa baki ke bushewa. Ka haɗa da iskar nan mai ƙura da ke tsaga leɓe, ai dole wuya ya yi kaushi. Ka riƙa ajiye ruwa kusa. Masu ɗanɗanon na'ana'a mai sanyin ƙanƙara da masu tsamin lemo da kirfa su ma sun fi yi wa wasu kaifi. Kuma wanda ya bar taba kwanan nan yakan yi tari na wasu makonni ko da bai zuƙi komai ba, ƙirji ne ke fitar da dattin da ya tara.

To yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne sosai, maganar mai kashi 5 ɗin nan.

Nikotin iri biyu ake zubawa. Akwai na asali, wanda za ka ga an rubuta 3, 6, 12 ko 18, wato miligiram a kowane mililita na ruwa. Shi wannan yana da gaskiya, in ya yi yawa maƙogwaro zai faɗa maka, ba za ka iya zarcewa ba. Sai kuma wanda ake kira gishirin nikotin. An haɗa shi da wani asid ne don a kashe masa kaifi. Kamfanin Juul na Amurka ne ya yaɗa shi daga 2015, kuma ba a daɗe ba 'yan makarantar sakandare a can suka rungume shi, saboda yaron da bai taɓa shan taba ba zai zuƙa bai yi tari ba. Kashi 5 da ka gani yana nufin miligiram 50 a kowane mililita ɗaya na ruwa. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai doka ba ta yarda a wuce 20 ba. Ka ga ninki biyu da rabi ke nan, kuma shi ne ya cika shagunanmu. Ita Ingilar ma tun 1 ga Yunin 2025 ta hana sayar da na yarwar gaba ɗaya.

Na gwada shi, ba labari aka ba ni ba. Wani mai shago ya miƙo min ya ce wannan kamar ruwan sanyi yake. Gaskiya ya faɗa, laushi kamar me. Amma kara yana ƙarewa, ka take guntun ka tashi. Wannan ba ya ƙarewa, yana hannunka kana kallon waya kana ja. A dare na biyu na kwanta zuciyata na bugawa kamar ana daka, gumi, tashin zuciya, kai na juyawa. Maiɗakina ta tashi ta tsaya a kaina da kofin ruwa tana salati. Cikin sati guda na lura ina farkawa da asuba hannuna na laluben abin kafin in yi alwala, abin da ko lokacin taba ban yi ba. Daga nan na jefar.

Shi ya sa nake cewa 'yar kartar nan ba abokiyar gabarka ba ce. Rage ta yadda za ka iya zama da ita, amma kada ka kashe ta gaba ɗaya ta hanyar komawa gishirin nikotin mai ƙarfi. In kana kan 18 kuma yana maka kaifi, sauko 12. In dole sai gishirin, kada ka haura 20, kuma 10 ya ishi mutane da yawa. Ni daga 12 na fara, na yi watanni na sauko 6, yanzu ina kan 3, kuma niyyata in ajiye shi baki ɗaya in Allah Ya yarda. Abin nan tsani ne na saukowa. Shi kansa mutumin da ya ƙirƙiro shi a 2003, Hon Lik, mai haɗa magunguna ne ɗan China, mashayin taba ne da ke neman hanyar dainawa. Hukumar lafiya ta Ingila ta ce cutarwarsa ba ta kai ta taba ba, amma ba ta ce babu cutarwa ba, ta kuma ce wanda ba ya shan taba kada ya fara. Ina roƙon samarin da ke guruf ɗin nan da ba su taɓa riƙe kara ba, don girman Allah ku bar shi a inda kuka gan shi.

Abu biyu kuma kada ka yi. Kada ka zuba komai a tankin da ba ruwansa ba, ko mai, ko turare, ko wani haɗi da aka ɗura a kwalba mara suna. Daga 2019 zuwa farkon 2020 a Amurka mutane sama da 2,800 aka kwantar a asibiti, 68 suka rasu, kuma bincike ya fi ɗora laifin a kan wani man bitamin E da ake cakuɗawa cikin ruwan wiwi na bayan fage. Huhu ba ya ɗaukar mai. Sannan kwalbar ruwan, ka sa ta inda hannun yara ba ya kaiwa. Ƙamshin alewa take yi, kuma kurɓa kaɗan na iya kai yaro asibiti.

In ka gyara duk waɗannan amma zafin bai tafi ba bayan sati biyu, ko muryarka ta dishe, ko numfashi na maka wuya, ko ka ga jini a majina, ba maganar guruf ba ce kuma, ka je asibiti a duba ka, ka faɗa wa likita gaskiyar shekarun da ka yi kana sha. Ka tambaye shi ma batun cingam ɗin nikotin ko filastar da ake mannawa a damtse, wasu da su suka rabu da taba ba tare da sun zuƙi komai ba.

Yanzu dai ɗauki hoton bayan kwalbarka da na koyil ɗin, inda lambobin suke, ka turo min ta gefe. Ina nan ban kwanta ba, zan duba in gaya maka wanne za ka fara canjawa. Sai na ji ka.