Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Sauti Ke Tsinkewa a Sutudiyona?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ƙaramin sutudiyo a Nima, cikin Accra, inda nake ɗaukar karatun Alƙur'ani da wa'azi da kwamfuta mai Linux. Kwamfutar ba ta da rauni, amma sauti yakan tsinke ana tsakiyar ɗauka. An ba ni shawarar in canja kenel. Shin wannan ne maganin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwamfutarka tana da ƙarfin yin aikin, abin da ta kasa shi ne yin sa a kan kari. Kenel shi ne zuciyar Linux, shi yake raba lokacin furosesa tsakanin manhajoji, kuma a tsarinsa na yau da kullum yakan yi ƙoƙarin kyauta wa kowa. Sauti kuwa ba ya jira. Idan kana ɗauka a kan samfur (wato ƙananan gutsattsarin sauti) 48,000 a sakan ɗaya, ma'ajiyar sautinka kuma tana ɗaukar samfur 128, to dole a cika ta cikin kimanin milisakan 2.7, kuma duk ranar da wata manhaja ta riƙe furosesa fiye da haka, sai ka ji tsinkewar nan a muryar alaramma.

Saboda haka ban so ka fara da canja kenel ba. Ka fara ɗaga ma'ajiyar zuwa 256 ko 512, domin mai karatu shi kaɗai ba zai damu da ɗan jinkirin da hakan zai ƙara ba. Sannan ka duba yadda kwamfutar ke tattalin wuta, wanda a ganina shi ne abin da aka fi mantawa da shi a nan Ghana. Da zarar an ɗauke wuta, kwamfutar cinya takan koma kan batir ta rage saurin furosesa, don haka ka saita ta a kan performance, wato cikakken saurin furosesa, kafin a fara ɗauka, ka kuma kashe Wi-Fi.

Bayan haka, ka ba manhajar sauti fifiko. Linux yana da tsari mai suna SCHED_FIFO, mai matakai daga 1 zuwa 99, wanda ke sa aikin gaggawa ya shiga gaban sauran. JACK da PipeWire, manhajojin da ke sarrafa sauti a Linux, duk suna iya amfani da shi, muddin ka shigar da sunanka cikin rukunin audio, ka kuma ba rukunin izinin rtprio (fifikon gaggawa) da memlock (riƙe bayanai a ƙwaƙwalwar kwamfuta) a fayil ɗin limits.conf.

Idan duk wannan bai wadatar ba, sai a zo kan canja kenel zuwa mai PREEMPT_RT, aikin da Ingo Molnar da Thomas Gleixner da abokansu suka shafe kusan shekara 20 suna yi kafin ya shiga Linux 6.12 a 2024. Yana ba kenel damar dakatar da kusan kowane aiki nasa domin aikin gaggawa, amma yakan ɗan rage yawan aikin da kwamfuta ke gamawa gaba ɗaya.

Kafin kowane canji da bayansa, ka gudanar da cyclictest, manhajar auna jinkiri, na tsawon awa guda alhali kwamfutar tana cikin aiki, ka rubuta lambar da ke gaban Max, domin ita ce jinkiri mafi muni da aka samu. Ka riƙa canja abu ɗaya a lokaci guda, ka aiko mana da lambobin mu duba tare.