Ba na jin mahaifiyata a zuciyata, ga shi tana neman riƙon ɗana

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne a Rigasa, ina walda a Panteka. Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata. Ana yaye ni gwaggona ta tafi da ni Zariya, a hannunta na girma har Allah Ya yi mata rasuwa. Mahaifiyata kuwa alkunya take yi mini, ba ta faɗin sunana, ba mu taɓa zama mun yi hira ba. Ina yi mata duk abin da ya kamata, amma wallahi ba na jin ta a zuciyata kamar gwaggo. Iyalina ma tana ƙorafin ba na sakin jiki da ita da yara. Yanzu Hajiya, wato mahaifiyata, ta ce idan an yaye ɗana mai wata 20 a kai mata shi Soba ta riƙe. Iyalina kullum cikin kuka take. Ina da zunubi a kan abin da nake ji? In na hana Hajiya yaron, na saɓa mata?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka, babu zunubi a kanka game da abin da zuciyarka take ji. Allah ba Ya ɗora wa rai sai abin da zai iya, kamar yadda ya zo a aya ta 286 ta Suratul Baƙara. Abin da aka wajabta maka game da mahaifiya aiki ne: kyautatawa, tausasa harshe, ciyarwa in tana da buƙata, ziyara da addu'a. Kana yin su. Shaƙuwa kuwa ba a kafa ta da umarni. Tana tsirowa ne tsakanin yaro da wadda ta goya shi, ta tashi masa cikin dare, ta lallashe shi ranar zazzaɓi. A wurinka gwaggo ce ta yi wannan, Allah Ya jiƙan ta. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka, kuma ba su yi ƙarya ba.

Masana halayyar yara sun daɗe suna bin diddigin wannan. Likitan Ingila John Bowlby ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a 1951 a kan yaran da aka raba da iyayensu mata. Mary Ainsworth kuma ta zauna da iyalai a kewayen Kampala ta ƙasar Yuganda a 1954 da 1955, ta lura cewa jaririn da ake amsa kukansa da wuri shi ne ya fi nutsuwa, ya fi kuma ƙarfin zuciyar rarrafawa nesa ya yi wasa, domin ya san akwai inda zai dawo. Wannan ya saɓa wa abin da ake yawan faɗa mana, wai yawan ɗaukar jariri sangarta shi ne. Wani bincike da aka buga a 1977 a kan jariran Hausawa ya nuna cewa yaron gidan gandu yana shaƙuwa da manya uku ko huɗu, amma akwai ɗaya da ya fi gudu wurinsa in ya tsorata, wato wanda ya fi ɗaukarsa. Saboda haka ƙiwar da yaro yake farawa wajen wata 7 ko 8 ba mugun hali ba ne, alama ce ta cewa ya gane nasa.

Abin da ya fi taɓa ni a cikin bayanansu shi ne yadda ƙaramin yaro yake yi in aka raba shi da wanda ya shaƙu da shi farat ɗaya. Da farko kuka da neman ƙofa. Daga nan sai ya yi lamo, ya rage ci da wasa. A ƙarshe sai ya daina nema, har in uwar ta zo ya kau da kai. A nan ne manya suke cewa "ai ya dangana, ya saba." Sau da yawa ba dangana ba ce, ya cire rai ne. Wasu daga cikin irin waɗannan yara suna girma da tsoron jingina da kowa, su yi aure su kasa buɗe wa matansu ciki. Ban ce kowa ba, amma bayaninka ya yi kama da haka.

Shari'a ta riga su zuwa nan. Allah Ya ce a aya ta 233 ta Baƙara kada a cutar da uwa ta hanyar ɗanta. Ya kuma ba mu labarin mahaifiyar Annabi Musa a Suratul Ƙasas, yadda zuciyarta ta wayi gari fanko, har Ya mayar mata da shi domin idonta ya yi sanyi kada ta yi baƙin ciki. Tirmizi ya ruwaito daga Abu Ayyub cewa wanda ya raba uwa da ɗanta, Allah zai raba shi da masoyansa ranar Alƙiyama. Asalin hadisin a kan ribatattun yaƙi ne, kuma daga nan malamanmu na Malikiyya suka ce ko baiwa ba a raba ta da ɗanta wajen ciniki sai ya yi famfara. In an kiyaye wa baiwa wannan haƙƙi, ina ga 'ya mai aure a ɗakinta?

Ko da aure ya mutu, Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa riƙo na uwa ne har namiji ya balaga, mace kuma har ta tare a ɗakin miji. In uwa ta rasu ko ta yi wani aure, sai kakar wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa. Kakar wajen uba tana bayan waɗannan. A Muwaɗɗa ma Imamu Malik ya kawo cewa Sayyidina Umar ya ɗauki ɗansa Asim a Ƙuba, kakar yaron ta wajen uwa ta yi jayayya da shi, Sayyidina Abubakar ya ce ya bar mata shi, Umar bai ƙara ko kalma ba.

Hukunci a nan: bai halatta ka karɓe yaron daga uwarsa ka kai Soba ba tare da yardarta ba, kuma shirun da za ta yi don tsoron saki ko gorin dangin miji ba yarda ba ce. Ƙin bayar da shi ba saɓa wa mahaifiya ba ne, domin biyayyar iyaye ba ta kai ga ba su haƙƙin wani ba. Wannan haƙƙin matarka ne da ɗanka, ba naka ba ne balle ka yi kyauta da shi.

Riƙo a karan kansa ba haramun ba ne. Sayyidina Ali a gidan Annabi (SAW) ya tashi lokacin da Abu Ɗalib ya shiga ƙunci, kuma marayu nawa ne gwaggonni da kakanni suka rufa wa asiri a garin nan. Wani zai kawo hujja da Halimatus Sa'adiyya. To ita tun yana jinjiri ta karɓe shi ta shayar da shi, aka kuma mayar da shi ga Nana Amina, sannan al'adar Larabawa ce kafin annabta. Ba daidai yake da a cire yaro daga nono da bayan uwa a rana ɗaya ba.

Alkunyar ɗan fari al'ada ce, ba addini ba. Ƙin faɗin suna ba laifi, amma hana yaro runguma da fara'a ya saɓa wa sunna. Aƙra'u bin Habis ya ga Annabi (SAW) ya sumbaci Hasan, ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka amsa masa da cewa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Bukhari da Muslim ne suka ruwaito. Sun kuma ruwaito cewa yana salla ɗauke da jikarsa Umama, kuma yakan gajarta salla in ya ji kukan yaro don tausayin uwar. Duk da haka ka yi wa Hajiya uzuri. Wataƙila tana yarinya aka karɓe ka, al'ada ta hana ta ko da kuka a fili. Ina kyautata zaton cewa neman jikan nan da take yi, kai take nema.

Don haka ka je Soba da ƙafarka, kada ka yi maganar a waya. Ka tafi da kawunka ko wani da take jin nauyinsa. Ka ce kai ne ka ga yaron ya yi ƙanƙanta, kada ka kuskura ka ce matarka ce ta ƙi, domin wannan wuta ce da ba ta mutuwa. In kaɗaici ne ya dame ta, ka roƙe ta ta riƙa zuwa Kaduna tana kwana biyu a gidanka, ko ka samo mata mai taya ta zama. Ka riƙa kai mata yaron tare da uwarsa, in ya yi wayo ya je mata hutu.

Kai kuma kada ka ɗauka an rufe maka ƙofa. Hindu 'yar Utba ta faɗa wa Annabi (SAW) cewa da babu gidan da take so ya wulaƙanta kamar gidansa, yau kuma babu wanda take so ya ɗaukaka kamarsa. Zuciya tana juyawa ko da girma ya zo. In ka dawo daga Panteka ka ɗauki yaron nan kafin ka ɗauki waya. Ka faɗa wa iyalinka yadda ka tashi, za ta daina ɗaukar shirunka a matsayin ƙiyayya. In ka je wurin Hajiya ka daɗe a zaune, ka tambaye ta labarin ranar da aka tafi da kai. In kuma ƙuncin ya kai ga hana ka barci ko aiki, ganin likita a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa neman magani ne, kuma shari'a ta yi umarni da shi.

Wallahu a'alam.