Ina zuwa Mas, amma kamar baƙuwa nake a cocinmu

Tambaya: Malam Katikis, ni 'yar Katolika ce daga wani ƙauye a ƙasar Malumfashi, aure ya kawo ni birnin Katsina shekara huɗu ke nan. A gida da Hausa muke Mas, wato babbar sujadarmu ta Katolika, mata na buga tukunya, kowa na amsawa. A nan yawanci Turanci ne, lasifika kamar ta fasa kunne, baiko sau uku, sanarwa ta fi wa'azi tsawo. Sai in fito ban yi addu'a ba. Wata biyu ke nan ban leƙa ba, kuma ba wanda ya neme ni. Laifina ne?

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da haƙuri. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda kika ce ba wanda ya neme ki. Zan dawo kansa.

Ki fara sanin cewa yawancin abin da kike kuka a kai, dokar Ikilisiya ma tana kuka a kansa. Babban Taron Vatican na Biyu, a takardarsa kan sujada ta 4 ga Disamba 1963, ya ce jama'a su sa baki da zuciya a cikin Mas, kada su zauna kamar 'yan kallo. Takardar ce ta buɗe ƙofar yin Mas da harshen mutane, ta ce a girmama kiɗa da waƙar kowace al'umma, ta kuma ce a bar lokacin shiru. Har ta faɗa ƙarara cewa ba wanda ke da ikon ƙara ko rage wani abu a sujada don ra'ayin kansa, ko da Fada ne, wato limamin coci. Ƙa'idar Mas ta ce sanarwa ta zama gajeriya, kuma sai in da buƙata. Paparoma Francis ya sha gargaɗin limamai kan dogon wa'azi, a 2024 ma ya ce kada ya wuce minti takwas. A 2024 ɗin dai bishop-bishop na Najeriya suka fitar da wasiƙa suna tsawatarwa kan mai da tsakiyar Mas wurin tara kuɗi.

Na sha ganin abin da kike nufi. Mutum ya karɓi Jibi, wato Jibin Ubangiji, ya durƙusa, bai ko gama rufe ido ba sai ga wani ya ɗauki makirfo yana kiran sunayen waɗanda suka yi alkawarin buhun siminti. Ginin coci na buƙatar siminti, ban musa ba, amma lokacin nan na Ubangiji ne.

Batun harshe kuwa ya ɗan bambanta. Cocin birni ya tara Ibo, Tibi, mutanen kudancin Kaduna, ma'aikata da ɗalibai, Turanci ne ke haɗa su, don haka Fada bai karya doka ba. Sai dai ke ma ba bara kike yi ba idan kika nemi Mas da Hausa. A watan Oktoba 2023 aka yanke Dayosis ɗin Katsina, wato yankin da bishop ke kula da shi, daga na Sakkwato, aka ba Bishop Gerald Mamman Musa, Bahaushe daga yankinku na Malumfashi. Ki tambayi katikis ko akwai Mas na Hausa a wani lokaci dabam, ko a wani ƙaramin coci na kusa. Doka ba ta ɗaure ki da coci ɗaya ranar Lahadi ba, duk inda aka yi Mas na Katolika kin sauke nauyi.

Kina da haƙƙin gaya wa Fada damuwarki, dokar Ikilisiya mai lamba 212 ta ba ki. Kada ki tare shi a bakin ƙofa bayan Mas, jama'a na ta miƙo masa hannu. Ki je ofis a tsakiyar mako, ki tafi da mace ɗaya ko biyu masu irin damuwarki, ku roƙi abu guda da zai yiwu: karatu ɗaya da Hausa, ko minti biyu na shiru bayan Jibi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, wataƙila shi ma bashin gini ne ya hana shi barci.

Barin Mas na Lahadi da gangan ba ƙaramin abu ba ne, ba zan ɓoye miki ba. Ki kai shi wurin furta zunubi, ki faɗa yadda kika faɗa mini.

Amma rashin nemanki, wannan laifinmu ne mu ma'aikatan coci, kuma ina jin kunyarsa. A ƙauye da kin yi fashin Lahadi ɗaya, kafin la'asar wata tsohuwa ta yi sallama a ƙofarki. A birni sai an san sunan mutum ake lura da gurbinsa. Ki nemi ranar da Zumuntar Mata ke taro, ki je ko sau ɗaya, ki gaya musu daga inda kika fito. Zai yi wuya a rasa 'yar Malumfashi ko Ƙafur a cikinsu, kuma mai iya buga tukunya ba ta daɗewa a bencin baya.